Ta ci 291 a JAMB tana son kimiyyar kwamfuta, kawunta ya ce AI ta kashe kwas ɗin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Zariya. 'Yata ta fari ta samu maki 291 a JAMB, kuma kimiyyar kwamfuta ta cike. Yayana ya ce asarar maki ce, wai yanzu ChatGPT na rubuta manhaja cikin minti ɗaya, kafin ta gama karatu babu sauran aiki, gara a canza mata zuwa likitanci ko aikin jinya. Ita kuma ta kafe. Ga maganar laftof da ta dame ni da ita. Me kake ganin ya dace mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Barka da arziki, Allah ya sanya wa yarinyar albarka. Maki 291 cikin 400 ba abin wasa ba ne. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin mutum kusan miliyan biyu da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Ki auna da wannan ki ga inda 'yarki ta tsaya. Kawunta ma ban ga laifinsa ba. A wurinmu duk yaron da ya yi ƙoƙari farar rigar likita ake hango masa, kamar sauran fannoni na waɗanda suka rasa tudun dafawa ne.

Kafin mu kai ga AI, wato fasahar da ke sa na'ura ta kwaikwayi basirar ɗan Adam, irin su ChatGPT, ki ɗauko takardar sakamakonta ki duba darussan da ta rubuta. JAMB darasi huɗu ne, Turanci dole ne a ciki. Mai neman kimiyyar kwamfuta yakan rubuta lissafi da Physics da wani darasin kimiyya guda ɗaya. Likitanci da aikin jinya kuwa Physics da Chemistry da Biology suke nema, ukun duka. Tunda ta rubuta lissafi, ɗaya cikin ukun nan babu shi a takardarta. Ashe canjin da kawu yake magana ba cike takarda ba ne kawai. Sai ta zauna gida ta sake jarrabawa baɗi, don neman kwas ɗin da ba ta so, wanda kuma gurbinsa ya fi na kowane kwas wahalar samu a ABU ko BUK. Wannan kaɗai ya isa a yi taka-tsantsan.

Yanzu ga ainihin maganar. Ina koyar da rubuta manhaja a jami'a, ina kuma yi wa 'yan kasuwa da makarantu aiki a gefe, kuma kusan kullum ina amfani da kayan aikin AI. Abin da kawu ya gani gaskiya ne. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, ga Gemini na Google, ga Claude, ga Copilot, aikin da a da yake cin min yini guda yanzu nakan gama shi kafin azahar. Idan kika ce wa AI ta rubuta miki shafin intanet na makarantarku, za ta rubuta, kuma zai yi kyan gani. Wanda ya ce miki wasan yara ne bai taɓa gwadawa ba.

Sai dai yana da kyau ki san yadda take aiki, don a nan amsar take. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, littattafai da shafukan intanet da manhajojin da mutane suka rubuta suka ajiye a fili, aka horar da ita ta riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Daga wannan hasashen ne ta iya abubuwa masu ban mamaki. Amma da murya ɗaya take faɗin gaskiya da kuskure, ba ta in-ina, ba ta sosa ƙeya. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York sun miƙa wa kotu takarda a shari'ar wani mutum da kamfanin jiragen sama na Avianca, cike da hukunce-hukuncen da suka kafa hujja da su. Da aka bincika, shari'o'in nan ba a taɓa yin su ba, ChatGPT ce ta ƙirƙiro su har da sunaye da lambobi. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Ke ma za ki iya gwadawa a gida: ki tambaye ta ƙarashen wasu karin magana da ba a cika ji ba. Wasu za ta kawo daidai, wasu kuma za ta ɗinka miki nata, ta bi da fassara mai daɗi kamar a bakin kakarta ta ji. Ke da kika san Hausa za ki yi dariya. Baturen da bai sani ba zai kwafa ya tafi da shi. To haka yake a manhaja: wanda ya sani shi yake gane inda ta zame.

Bari in ba ki misali daga aikina. Wani mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa a Kano ya nemi in yi masa manhajar lissafin kaya. Ɗan'uwansa ya riga ya gwada yi masa da AI, kuma abin ya tashi, yana buɗewa, yana tara kuɗi. Mako biyu aka yi aka watsar. Dalili? Manhajar ta ɗauka kowane kaya guda-guda ake sayarwa, kuma kowa yana biya nan take. Shi kuwa alhajin yana sayo taliya a kwali, ya sayar da kwali, da rabin kwali, wani lokaci a fasa a sayar da ƙwaya. Rabin cinikinsa bashi ne, mutanen ƙauye su ɗauki kaya ranar Litinin su kawo kuɗi Juma'a, wani ya kawo rabi ta POS ɗin maƙwabci, rabi a hannu. Farashi kan canza tsakanin safe da yamma. Sabis ɗin waya kuma yakan ɗauke a cikin shagon, manhajar ta tsaya cak. Kwana uku na yi ina zama a kan buhun sukari ina kallon yadda yaransa ke rubutu a littafi kafin in taɓa kwamfuta. Da na fahimci abin, na yi amfani da AI wajen rubuta kusan rabin aikin, kuma ta taimaka ƙwarai. Amma kwana ukun nan a kan buhu, da sanin yadda za a tsara ma'ajiyar bayanai don kada bashin wani ya hau kan wani, da gano cewa wani lissafin ragi da ta rubuta yana cin alhajin 'yan nairori a kowane kwali, wannan shi aka biya ni. Buga haruffa dama can shi ne mafi arha a sana'ar.

Ko JAMB ɗin da 'yarki ta rubuta ta ɗanɗana abin da kuskuren manhaja ke jawowa. A Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya nemi afuwa, saboda matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, sai da aka sake musu jarrabawa. Ƙasar da jarrabawa da albashi da katin ɗan ƙasa da banki duk suka koma kan kwamfuta ba ta wadatu da mutanen da za su iya duba aiki su ce nan akwai matsala ba. Ba ta ma kusa wadatuwa ba.

Ba zan ɓoye miki ɓangaren da maganar kawu ke da nauyi ba. Ƙananan ayyukan da sabon shiga yake fara cin abinci da su, irin su ɗan shafin intanet na shago, ko gyara ƙaramin kuskure, ko fassara manhaja daga wannan yaren kwamfuta zuwa wancan, sun yi arha, wasu ma mai shagon da kansa yake yi. Tsanin ya rasa matakalarsa ta farko, don haka wanda ya fito jami'a da takarda kawai zai sha wuya fiye da na shekaru goma baya. Amma labaran korar ma'aikata da ake yaɗawa a WhatsApp a riƙa duba kwanan watansu. Kamfanin Meta ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 a Janairun 2023, Microsoft 10,000 a watan. Lokacin ChatGPT ko wata biyu ba ta cika ba. Babban dalilin shi ne sun ɗibi ma'aikata fiye da kima lokacin korona, sannan kuɗin ruwa ya tashi a Amurka.

Sannan wa ya ce likitanci ya tsira? A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton ƙirji da na ƙwaƙwalwa, wai nan da shekara biyar na'ura za ta fi su. Shekarun sun wuce, likitocin na nan, ana ma neman ƙari, sai dai yanzu suna aiki da na'urar. Mutumin nan ya samu kyautar Nobel ta Physics a 2024, ka ga ba ƙaramin masani ba ne, amma hasashensa kan aikin yi bai faɗa daidai ba. Idan shi ya kuskure, ni da kawu sai mu sassauta. A shekarar dai kyautar Nobel ta Chemistry rabinta ya tafi ga Demis Hassabis da John Jumper na Google DeepMind, saboda manhajar AlphaFold da ke hasashen siffar sinadaran furotin, matsalar da ta gagari masana kusan shekara hamsin. Hassabis kimiyyar kwamfuta ya fara karantawa a Cambridge. Wato yarinyar da ta iya lissafi da kwamfuta ba ta yi nisa da harkar lafiya ba, ta wata ƙofar za ta shiga.

Abin da ni nake tsoro daban ne da na kawu, kuma ina ganinsa a aji. Bara wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya kawo aikin kammala karatu mai kyau, manhajar rajistar marasa lafiya. Ranar kare aikin na nuna masa layi shida na ce ya gaya min abin da suke yi. Ya yi shiru. Na ce to canza wannan wurin ya riƙa karɓar lambar waya mai lamba goma sha ɗaya kawai. Ya kai hannu aljihu zai ɗauko waya. Shekara huɗu ya yi, kowane aikin gida na'ura ta yi masa, makinsa ba laifi, kansa fayau. Wannan yaron AI ta ƙwace masa aiki tun kafin ya samu, kuma da hannunsa ya miƙa. Ke malama ce, kin san dalilin da ya sa ba a ba ɗan aji uku kalkuleta sai ya haddace sau. Ba don kalkuleta haramun ba ce. Don in ya danna ba daidai ba ta ba shi 7 sau 8 ya zama 560, ya san da sake.

Har ƙwararru ma abin na ruɗarsu. Wata ƙungiyar bincike mai suna METR ta gwada gogaggun masu rubuta manhaja 16 a 2025, a kan ayyukan da suka saba da su. Da AI a hannunsu sun ɗauki lokaci fiye da yadda suka ɗauka ba tare da ita ba, da kimanin kashi 19 cikin ɗari, alhali su a ransu sun yi imani sun ƙara sauri. Ƙaramin gwaji ne, kayan aikin ma sun inganta tun lokacin, ba na kafa shi hujjar cewa AI ba ta da amfani. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutum ke jin yana ci gaba alhali ba haka ba ne. Ɗalibi ya fi kowa faɗawa wannan ramin.

Don haka ƙa'idar da nake ba ɗalibaina, ita zan ba 'yarki. A shekararta ta farko da ta biyu, ta rubuta komai da hannunta tukuna. Idan ta maƙale, ta yi minti talatin tana fama. Bayan nan ta tambayi AI, amma ta ce a bayyana mata dalilin kuskuren, kada a ba ta gyararren aiki. Duk layin da ba za ta iya yi wa ƙanwarta bayaninsa da Hausa ba, kada ya shiga aikinta. Ta wannan hanyar ta samu malamin da ba ya gajiya da tambaya ko ƙarfe biyun dare ne, abin da mu ba mu samu ba. Ni littafi ɗaya muka riƙa karɓa-karɓa mu bakwai.

Akwai kuma abin da maki 291 bai gaya mana ba. JAMB tana auna karatu da sauri da iya zaɓar amsa cikin huɗu. Ba ta auna ko mutum zai iya zama awa uku yana neman waƙafi ɗaya da ya ɓata masa aiki, ya same shi, ya ji daɗi maimakon ya ji haushi. Yara da yawa suna cewa suna son kwamfuta alhali waya suke so. Ku gwada ta a watannin nan da take jiran gurbin karatu, gani ya kori ji. Ta fara da yaren rubuta manhaja mai suna Python, shi ne mafi sauƙin shiga, kuma shi ake amfani da shi a harkar AI ɗin kanta. Jami'ar Harvard tana da kwas kyauta a intanet mai suna CS50, bidiyoyinsa na YouTube, akwai ma na Python zalla. Ta sauke su da daddare lokacin da data ke arha. Ko a wayar Android akwai manhajar Pydroid da za ta iya gwada ƙananan abubuwa, duk da yatsa kan gaji. Sannan ki ba ta aiki na gaske: ta rubuta miki abin da zai tara makin ɗaliban ajinki, gwaji da jarrabawa, ya fitar da jimilla da matsayin kowa, ya kuma san yadda zai yi idan yara biyu suka yi kunnen doki ko wani bai zo jarrabawa ba. Idan bayan wata biyu kina kiranta cin abinci tana cewa bari in ƙarasa wannan, to kin samu amsarki. Idan kuwa abin ya zame mata kamar shan maɗaci, ba a yi asara ba, akwai lissafi da ƙididdiga, da injiniyanci ma idan har da Chemistry ta rubuta, darussan da ta rubuta za su iya kai ta can.

Ta kuma shiga da sanin cewa kimiyyar kwamfuta a jami'a lissafi ne da yawa, ba koyon Word da Excel ba. Kada ta raina darussan da abokai za su ce mata tsohon yayi ne, irin tsarin adana bayanai da dabarun warware matsala mataki-mataki da yadda na'ura ke sarrafa ƙwaƙwalwarta. Yaren da ake yayi yana canzawa duk bayan 'yan shekaru, waɗannan kuwa su ne ke ba mutum idon gane aikin banza. Amma jami'a kaɗai ba za ta ishe ta ba, a ko'ina take. Ta buɗe shafi a GitHub, dandalin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ta riƙa ajiye duk abin da ta gina, don mai ɗaukar aiki yanzu can yake fara leƙawa. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka. Ɗalibaina da suka fi fice a yau yawancinsu a wannan zaman gidan suka koyi abin da suke ci da shi.

Maganar laftof: tana buƙata, amma ba sabuwa dal ba. Ta hannu mai ƙwari ta wadatar, irin ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook, waɗanda aka yi don ofis, suna jure wahala kuma kayan gyaransu na samuwa. RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, kada ya gaza gigabait 8, ma'ajiyarta ta zama SSD ba tsohon faifai mai juyawa ba, injin sarrafawa kuma Core i5 ya isa. Abin da mutane ke mantawa shi ne batir, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai shi ne komai. Ku je da wanda ya sani, a cire caja a bar ta a kunne a gabanku na ɗan lokaci ku ga yadda cajin ke sauka, a danna kowane maɓalli, a tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai ita a ciki. Kada mai shago ya ruɗe ku da allon taɓawa ko fitilu masu launi. Kada kuma a biya kuɗin wata manhaja. Waɗanda za ta yi aiki da su, irin Python da VS Code da Git da Linux, duk kyauta ne.

Tunda mace ce, na san wata maganar za ta biyo baya, cewa wannan fanni na maza ne. A 2018 'yan mata biyar 'yan sakandare daga Onica a jihar Anambra sun ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a San Francisco, da manhajar gano jabun magani. Ina jin daɗin irin waɗannan labaran, duk da ina da ƙorafi kan yadda muke karɓarsu: a yi ta yaɗa hoto mako guda, gwamna ya ba da kyauta, shi ke nan, ba mai tambayar ko makarantar da ke maƙwabtaka da tasu tana da kwamfuta ko guda. Abin da ya fi gasa muhimmanci ga 'yarki shi ne aikin nan ana iya yin sa daga ɗaki, a Zariya, aure ko haihuwa ba sa raba mutum da shi. Ga kuma wani fili da yake kusan fayau: waɗannan na'urori har yanzu Hausarsu ba ta kai Turancinsu ba, saboda rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne. Akwai masu bincike 'yan Arewa a ƙungiyar HausaNLP, da babbar ƙungiyar Masakhane ta Afirka baki ɗaya, da ke wannan aiki, kuma suna maraba da ɗalibai. Yarinyar da ta tashi da Hausa a baki ta kuma iya lissafi tana da abin da injiniyan Kalifoniya ba shi da shi.

Shi kuwa kawu kada a yi jayayya da shi, don ƙauna ce ta sa ya yi magana, kuma wataƙila da hannunsa a kuɗin makaranta. Ki nuna masa batun darussan JAMB ɗin, ki roƙe shi ya ba ta wata biyun nan. In ta gama manhajar makin ajinki, ta kai masa da kanta, ta buɗe a gabansa, ya ba ta sunaye da maki na ƙarya ya ga ko za ta fitar daidai, ya kuma tambaye ta duk layin da ya ga dama. In yana da shago ko gona, aiki na biyu ya zama nasa.